Taswirar Katsina a Idon Maharazu

A safiyar Litinin, huɗu ga watan Afrilun 2005, shekara huɗu da wata takwas bayan ƙaddamar da Shari'a a Jihar Katsina, Maharazu ya ɗora idonsa na dama a kan madubin likita, ya ga datti.

Maharazu shi ne ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje na ƙaramin asibitin Tudun Kalgo, wani gari a ƙasar Daura, tafiyar rabin sa'a a babur daga Sandamu. Shekarunsa ashirin da takwas. Aikinsa shi ne ya soki yatsan mutum, ya shafa ɗigon jini a gilashi, ya rina shi, ya duba ko akwai ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Madubin mai ido ɗaya ne, kuma an kawo shi tun garin yana cikin Jihar Kaduna, wato kafin Satumban 1987. Kullum Maharazu yakan runtse idon hagu ya duba da na dama, kamar yadda aka koya masa a makarantar koyon aikin lafiya.

Ya goge gilashin sama. Ya goge na ƙasa. Ya kwance abin da ke kwantuwa, ya hura, ya mayar. Dattin yana nan inda yake, duhu-duhu, ya rufe kusan sulusin abin da ake gani.

Ya kira Audi, shugaban asibitin, dattijon da ya rage masa shekara biyu ya yi ritaya. Audi ya cire hula, ya sunkuya, ya daɗe yana dubawa.

“Ni fes nake gani,” in ji Audi. “Ga ma ƙwayar zazzaɓi nan har biyu.”

“Baba Audi, ka ƙara dubawa. Ta sama, wajen hannun dama.”

“Likitan jini, na duba. Babu komai.”

Maharazu bai yi musu ba, domin ba ya musu da manya. Amma a ransa ya ji tausayin dattijon, ganin yadda tsufa ya ci masa ido har ba ya ganin datti mai girma haka. A ranar ya rubuta wa ƙaramar hukuma takardar neman sabon madubi. Da yake mutum ne mai son bayani dalla-dalla, ya rubuta cewa tabon yana kama da taswirar Jihar Katsina, ɓangaren Daura ya fi duhu. Ya sake rubutawa ranar sha ɗaya ga wata, da kuma ranar sha takwas.

A nan ya kamata a san abin da ya faru shekara biyu kafin wannan.

Tun yana makaranta aka gano cewa jinin Maharazu irin wanda ake iya ƙara wa yawancin mutane ne, kuma yana da shi a wadace. Bayan kowane wata uku ko huɗu, in mai naƙuda ta zubar da jini a babban asibitin Daura, sai a aiko masa. Ya hau babur ya je, a ɗebi leda guda, ya dawo. Wasu in an ɗebi jininsu sukan yi jiri. Shi kuwa sai ya ji kansa ya yi sakayau, har ya riƙa waƙa a kan babur. Bai taɓa gaya wa mahaifiyarsa ba.

Mahaifiyar, Hadijatu, wadda duk gari ke kira Iya, mai sayar da koko ce tun kafin a haife shi. Maharazu ne ɗanta na fari, kuma shi kaɗai ne namiji. Saboda kunyar ɗan fari ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kallonsa ido da ido, ba ta kuma taɓa jikinsa ba tun da aka yaye shi aka kai shi wurin kakarsa. Da mijinta ya rasu ta dawo gidansa da zama. In za ta yi masa magana, sai ta fuskanci matarsa Siddiƙa, ko bango, ta ce “wancan”.

Kwana uku bayan Babbar Sallar Fabrairun 2003, wani mutum mai suna Nagoggo ya yi sallama a ƙofar gidan, ya taho tun daga garin Babban Mutum da zabi biyu a ɗaure. Maharazu ba ya nan, don haka aka shigar da shi gaida Iya. Ya durƙusa ya ce ya zo godiya, jinin ɗanta ne ya ceci matarsa wajen haihuwa.

“Yanzu kam, Iya, mun zama 'yan'uwa,” in ji shi. “Jininku yana gidana.”

Iya ta karɓi zabin, ta sa masa albarka, ta tambaye shi ko ya san wasu da aka yi wa irin haka. Nagoggo, don ya faranta mata, ya ce ai an ce sun kai goma sha biyar.

Da Maharazu ya dawo, ya tarar da ita zaune a tabarma, ta yi alwala. Ta fuskanci Siddiƙa.

“Ki gaya wa wancan, na ji ana rabon jinina a ƙasar Daura kamar goron ɗaurin aure. Gobe 'ya'yansa su tashi aure, ba a san wa ya haɗa jini da wa ba. Ki gaya masa, wallahi tallahi, muddin ina numfashi ba za a ƙara ɗibar masa jini ba, ko ɗigo.”

Maharazu yana tsaye taku biyu daga wurinta. Siddiƙa ta juyo ta maimaita masa. Ya ce ya ji.

Ya kuwa ji. Daga ranar, in an aiko daga Daura sai ya ce ba shi da hali. Ko yatsansa bai ƙara sokawa ba, ko da zazzaɓi ya kama shi. Ita kuma Iya ta ɗauki aniyar mayar da leda goma sha biyar ɗin nan inda suka fito. Kullum akwai hanta daga wurin mahauci. Akwai kwaɗon zogale da rana, alayyafo da yamma. Ranar Juma'a kwalbar lemon malt da aka juye wa madarar gwangwani, kuma kowace safiya cokali biyu na maganin ƙarin jini daga kemis, Siddiƙa tana tsaye har ya haɗiye.

Cikin shekara guda fatar tafin hannunsa ta yi ja, idanunsa suka yi ja, mutanen gari suna yaba yadda ya murje. Sai dai kansa yakan yi nauyi, kunnensa yakan yi ƙara, in ya yi wanka jikinsa ya hau ƙaiƙayi. Iya ta ce alamun ƙarancin jini ke nan, aka ƙara hanta.

To, ranar Juma'a, ashirin da biyu ga Afrilun 2005, Maharazu ya yi wanka, ya gama susa, ya ɗauki tandun kwalli da ɗan madubin Siddiƙa don shirin masallaci. Ya fara da idon hagu. Da ya runtse shi, ya kalli fuskarsa da na dama, sai ya ga taswirar Jihar Katsina kwance a kan goshinsa, ɓangaren Daura ya fi duhu.

Ya kalli bango. Tana nan. Ya kalli Siddiƙa, taswirar ta rufe mata ɗankwali. Ya buɗe idon hagu, komai ya dawo daidai, ko kusan daidai.

“Malam, lafiya kake ƙifta mini ido ɗaya tun ɗazu?” in ji Siddiƙa.

“Ina tunanin Baba Audi ne,” in ji shi. “Ashe idonsa ƙalau.”

Ranar Talata ya tafi asibitin ido a Kano. Likitar da ta gan shi, Dakta Fadila, ta ɗiga masa magani har ƙwayar idon ta buɗe, ta haska ciki ta daɗe tana kallo. Sannan ta auna bugun jininsa, ta tambaye shi ciwon suga, ta sake tambayar shekarunsa.

“Malam Maharazu, a can bayan ido akwai jijiyar da ke kawo jini, akwai wadda ke kwashe shi,” in ji ta. “Reshe ɗaya na mai kwashewar ya toshe a idonka na dama. Jini yana shigowa, ba ya samun hanyar fita, sai ya malale a wurin. Shi ne inuwar da kake gani. Wannan ciwo mun saba ganinsa ga dattawa masu hawan jini. In muka gan shi ga mai shekara ashirin da takwas, sai mu tuhumi jinin kansa. Ko sikila, ko jini mai saurin daskarewa, ko jini mai kauri fiye da ƙima. Nuna mini tafin hannunka.”

Ya nuna. Ta duba, ta duba fuskarsa.

“Yaushe rabonka da auna yawan jininka?”

“Shekara biyu da wata biyu.”

“Wane aiki kake yi?”

“Auna jini.”

Dakta Fadila ta ajiye biro, ta dube shi, ta sake ɗauka. Ta rubuta takarda ta ce ya je ɗakin gwaji yanzu a ɗebi jininsa. Maharazu ya karɓa da hannu biyu, ya ninke, ya ce ba zai iya ba. Ya ba ta labarin rantsuwar tun daga zabi.

“Ina zaton kyautar jinin nan da kake yi ita ke riƙe da kai ba ka sani ba,” in ji likitar. “In abin da nake zato ne, maganinka shi ne a rage jinin, leda bayan leda, har ya tsinke. Wanda ya riga ya ɓaci a idon dama, ban yi maka alkawarin zai dawo duka ba. Na hagu nake ji. Jinin da ya toshe wancan shi ne ke bi ta wannan, shi ne kuma ke bi ta ƙwaƙwalwarka.”

“Kwana nawa nake da shi, likita?”

“Ba ni da wannan lissafin. Yana iya zama shekara, yana iya zama kafin ka isa tasha. Ka sha ruwa sosai a hanya, zafin nan ba ya taimakon ka.”

A cikin motar Daura, Maharazu ya riƙa runtse idon dama yana karanta allunan gefen titi da na hagu, don ya tabbatar yana nan. Har Kazaure yana nan. Har gida yana nan.

Washegari ya je wurin kawunsa, Malam Mainasara, yayan Iya, wanda ke karantar da littattafan fiƙihu a zaurensa, mutane kuma suka riƙa kawo masa tambayoyi ninki biyu tun da aka buɗe kotunan Shari'a. Malam ya saurara, ya ɗauki littafi biyu, suka taho tare bayan la'asar. Iya tana tsakar gida tana tace gasarar kokon gobe.

Malam Mainasara ya yi bayani mai tsawo. Ya ce shayarwa ce ke haramta aure, ƙarin jini ba ya haramtawa. Ya ce wanda ya yi rantsuwa sannan ya ga abin da ya fi alheri, sai ya aikata alherin ya yi kaffara, ya ciyar da miskinai goma. Ya buɗe littafin ya nuna mata wurin, ko da yake ba ta karatu.

Iya ta saurara har ƙarshe ba ta daina tata ba.

“Yaya, duk wannan na ji shi a rediyo,” in ji ta. “Ba kaffara ce ta gagare ni ba. Amma ka duba. Mutum ya raba jininsa har ido ya rasa abin da zai sha, ya fara mutuwa. Sai wata yarinya a Kano ta ce maganin shi ne a ƙara ɗiba. Kai da karatunka, ka taɓa jin an ce wa mai yunwa ya yi amai?”

“Hadijatu, likitar ta ce yawa ya yi.”

“Ta gani?”

Malam ya dubi Maharazu. Maharazu ya ce wa bango, domin shi ma ta nan yake bi, ba ta gani ba, zato ta yi.

“To,” in ji Iya, ta ci gaba da tata. “Siddiƙa, hantar nan kada ta ƙone.”

Malam Mainasara ya rufe littafinsa. Maharazu ya zauna yana kallon hannun mahaifiyarsa a kan matacin, wato ƙyallen da take matse gasara a ciki. Ya ga ta matsa, abin ya ƙi wucewa, ta ɗebo ruwa a moɗa ta ƙara ba tare da ta ko duba ba, ya wuce.

“Kawu,” in ji shi, “a gaya wa Iya, yawan jini abu ne da ake gani da ido, ba sai an yi karatu ba. In ta yarda ta zo asibiti gobe, zan auna nata da na Siddiƙa ta ga yadda yake. Nawa ba zan taɓa ba.”

Iya ta ce wa matacin ba ta hana kowa auna nata ba, ba a kansa ta rantse ba.

Da hantsi suka je su huɗu. Audi ya tayar da janareto. Maharazu ya soki yatsan Siddiƙa, ya cika wani ɗan siririn bututun gilashi kamar tsinken tsintsiya. Audi ne ya soki na Iya. Aka sa bututun biyu a injin da ke juya su, ya yi kuka na minti biyar. Da aka fito da su, kowanne ya rabu biyu: ja a ƙasa, ruwa mai kalar man gyaɗa a sama.

Iya ta ɗaga su a hasken taga.

“Ƙasan ne gasara, saman ne ruwa,” in ji ta.

“Haka ne, Iya,” in ji Audi. “Naki kashi talatin da takwas cikin ɗari. Na amarya talatin da shida. Namiji lafiyayye yakan kai arba'in da biyar, ko ya ɗan wuce.”

“Na wancan fa?”

Janareto yana ta ƙara a waje. Maharazu ya runtse idon dama, ya duba kalandar bango da na hagu. Tana karantuwa.

Iya ta ajiye bututun biyu a kan tebur, ta gyara mayafi.

“Yaya, ni na yi rantsuwar nan, ko?”

“Ke kika yi.”

“To ba wani ne zai karya mini ita ba. Audi, ba ni ƙayar.”

Audi ya ɓare sabuwar allurar sukan yatsa ya miƙa mata. Ta miƙa hannun hagu gefe ba ta waiwaya ba, Maharazu ya sa nasa a ciki. Rabon da ta riƙe hannun nan tun damunar 1978. Ta juya shi, ta dubi jan tafin, ta soka da ƙarfin da ya wuce buƙata. Jinin ya fito a hankali, baƙi-baƙi, ya tsaya a kan yatsan kamar yana shawara.

Bayan minti biyar Audi ya jera bututu uku a tafinsa. Bai faɗi lamba ba sai da aka tambaye shi. Sittin da huɗu.

Iya ta daɗe tana kallon na ukun, inda ja ya haye har ya kusa cinye ruwan.

“Wannan ko a gidan biki ba a dama shi haka,” in ji ta. “Ba zai bi mataci ba.” Ta juya ga Siddiƙa. “Shekara biyu kina tsaye ina ƙara gari, ba ki ce komai ba.”

“Iya, ke kika ce in tsaya.”

“Ki gaya masa ya je a rage.”

A ranar aka ɗebi ledar farko a Daura, bisa takardar Dakta Fadila. Iya ta bi su, ta zauna a bakin gadon tana kallon ledar tana cika. Da ma'aikaciyar jinya ta ɗauke ta, Iya ta tambaya wace mai naƙuda za a ba.

“Ba kowa, Iya. Irin wannan ba ma ƙara wa mutane. Zubarwa za a yi.”

Iya ta bi ledar da kallo.

“Hantar shekara biyu,” in ji ta.

An ɗebi leda shida kafin damuna ta sauka, sannan aka koma bayan wata biyu ko uku, tare da ƙaramar ƙwayar asfirin kullum da zuwa Kano ganin likitan jini. Gwaje-gwajen can sun tabbatar ɓargonsa ne ke ƙera jini fiye da buƙata, kuma haka zai zauna da abin. Taswirar idon dama ta dushe daga kudu, Funtua da Malumfashi suka washe, amma ɓangaren Daura bai tafi ba. Idon hagu bai taɓu ba. Maharazu ya koyi duba madubi da shi, abin da ya ɗauke shi mako uku da ciwon wuya.

Kaffarar kuwa, Iya ta yi ta ranar Juma'ar da ta biyo baya. Ta ciyar da mutum goma tuwo da miyar alayyafo, da kwaɗon zogale, da hanta, kowa kuma ya samu lemon malt da madara. Sauran maganin ƙarin jinin, kwalba uku, ta aika da shi Babban Mutum, gidan Nagoggo, ta ce a ba matarsa, tun da dai an riga an haɗa jini.

Ranar Laraba, goma sha huɗu ga Satumba, motar ƙaramar hukuma ta tsaya a ƙofar asibitin Tudun Kalgo da sabon madubin likita a cikin kwali, amsar takardu uku na watan Afrilu. Direban ya ce an umarce shi ya ga an gwada kafin a sa hannu, ya kuma tambaya ko tabon nan mai kama da taswira babu shi a wannan.

Maharazu ya ɗora idon dama ya duba. Sannan ya ɗora na hagu.

“Rabi da rabi,” in ji shi, ya sa hannu.